Haruffan kwalliya masu kama da rubutun alƙalami: siffarsu da yadda ake aiki da su

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar shaida ko katin gayyata ya san haruffan nan masu karkata, waɗanda kowanne ke riƙe da hannun na gabansa, manyan cikinsu kuma suna jan jela kamar yanzu aka ɗaga alƙalami daga kansu. A kwamfuta suna zuwa ne a matsayin salon haruffa, abin da masu zane ke kira font. Zaɓarsu daga jeri ba ya ɗaukar minti ɗaya. Wahalar tana wajen sa su fito da kyau a kan takarda, kuma kusan duk ɓarnar da ake yi musu tushenta ɗaya ne: an manta cewa alƙalami suke kwaikwayo, shi kuwa alƙalami akwai abin da yake iyawa, akwai wanda ba ya iyawa.

Alƙalami biyu, gida biyu

Na farko shi ne alƙalami mai faffaɗan baki, wanda aka datse bakinsa a miƙe. Marubuci yana riƙe shi a kusurwa ɗaya, wajen digiri 45, ba ya dannawa. Kauri da siranta suna fitowa ne daga inda hannu ya nufa: in ya bi faɗin bakin layi ya yi kauri, in ya bi gefensa ya sirance. Wannan shi ne rubutun magatakardan Italiya na ƙarni na 16, wanda Ludovico degli Arrighi, marubuci a fadar Fafaroma, ya fitar da ɗan littafin koyar da shi a 1522. Karkatarsa kaɗan ce, tsakanin digiri 5 zuwa 10 daga tsaye, kuma haruffa da yawa ba sa haɗewa. ITC Zapf Chancery na 1979 da Monotype Corsiva daga wannan gida suke. Suna da juriya, ana karanta su ko da an rage girmansu, ko da yake an yi ta amfani da su har sun gundure ido.

Na biyu shi ne wanda yawancin mutane ke nufi in sun ce rubutu mai ƙayatarwa. Asalinsa rubutun malaman rubutu ne na Ingila a ƙarni na 17 da na 18. Su da gashin tsuntsu suke rubutawa, sai masu sassaƙa su kwafe rubutun a kan farantin tagulla don a buga, shi ya sa ake kiransa rubutun tagulla, abin sassaƙar kuwa yana iya fitar da layi siriri fiye da yadda gashin tsuntsu zai iya. George Bickham ya sassaƙa babban tarin irin waɗannan samfura tsakanin 1733 da 1741. Da bakin alƙalami na ƙarfe mai tsini ya yawaita a ƙarni na 19, sai ya zama da shi ake kwaikwayon wannan siffa. Bakin a tsage yake gida biyu: in hannu na saukowa a danna, tsagar ta buɗe, tawada ta zubo da kauri, in hannu na hawa a sassauta, layi ya fito kamar silili. Karkatar rubutun wajen digiri 55 ce daga layin da haruffa ke zaune a kai. A Amurka tsarin Platt Rogers Spencer ya bi hanya makamanciya da digiri 52, shi ne ake gani a tambarin Coca-Cola.

Sanannun salon wannan gida su ne Snell Roundhand, wanda Matthew Carter ya zana a tsakiyar shekarun 1960, da Shelley nasa na 1972, da Edwardian Script na Ed Benguiat na 1994, da Bickham Script na Richard Lipton na 1997. Zapfino na Hermann Zapf, wanda ya fito a 1998 daga wasu haruffa da ya rubuta tun 1944, shi kam gidan kansa ne: wuyansa da jelarsa sun fi na kowa tsawo, layi ɗaya nasa yana cin filin layi uku na wani. Akwai kuma masu kwaikwayon buroshi, irin su Brush Script da Mistral, amma waɗannan na talla ne da allon sanarwa, ba su muke magana ba.

Silili shi ne ke yanke hukunci

A ganina, kafin a duba kyawun manyan haruffa, siririn layin nan ya kamata a fara aunawa, domin shi ne ke haɗa harafi da harafi, in ya ɓace kalma ta wargaje ta zama sanduna masu karkata a jere.

Ga yadda ake awon. Rubuta kalmar a ainihin girman da za a buga ta. Yi kwafinta, ka mayar da kwafin zane, wato ya daina zama rubutu ya koma siffa kawai: Ctrl+Shift+O a manhajar zane ta Illustrator, Ctrl+Q a ta CorelDRAW. Zuƙo hoton sosai, ka nemi wuri mafi siranta, galibi mahaɗin da ke tsakanin haruffa biyu ko ƙarshen jelar babban harafi, ka auna faɗinsa. Ma'aunin haruffa, wanda ake rubutawa pt, kashi ɗaya ne cikin 72 na inci, wato wajen milimita 0.35. Ƙa'idar da maɗaba'u da yawa ke bi ita ce layin tawada mai duhu a kan farar takarda kada ya gaza 0.25 pt. Farin layi a cikin bango mai duhu kuwa kada ya gaza 0.5 pt, saboda tawadar bangon tana nasowa daga gefe biyu ta cinye shi. Lissafin mai sauƙi ne, tunda silili yana raguwa daidai da girman harafi. A ce ka auna a 36 pt ka sami 0.4 pt. In ka rage rubutun zuwa 18 pt, silili ya koma 0.2 pt, ya faɗi ƙasa da ƙa'ida ko a farar takarda. A baƙin bango kuwa, ko a 36 pt ɗin bai tsira ba, sai ka kai shi 45 pt.

Launi ma yana da nasa tarkon. Injin buga mai launi huɗu yana aza shuɗi da ja da rawaya da baƙi ɗaya bisa ɗaya, kuma ba ya rasa ɗan gocewa. A babban harafi ba a lura, amma a silili gocewar kan kai faɗin layin kansa, sai ka ga inuwar ja a gefe ɗaya, ta rawaya a ɗaya gefen. Abin da ya fi wannan muni shi ne launin da bai cika ba, kamar toka-toka ko ruwan zinare na kwaikwayo. Da ƙananan ɗige-ɗige injin yake yin irin wannan launi, layin da bai kai faɗin ɗigo biyu ba kuwa fitowa yake a tsittsinke kamar ɗinkin da zarensa ya ƙare. Maganin shi ne tawada ɗaya cikakkiya, baƙi ɗari bisa ɗari ko launi na musamman da aka haɗa shi tun a gwangwani. Wanda ya nace sai zinare, to a manna masa takardar zinare mai sheƙi da farantin zafi, a kuma tambayi mai injin siririn layin da farantinsa ke ɗauka kafin a gama zane, don layin da farantin ke buƙata ya fi na tawada kauri.

In silili ya gaza, kada a danna maɓallin B na ƙara wa rubutu kauri. Idan salon ba shi da nau'in mai kauri na kansa, manhaja za ta kumbura ko'ina ne daidai wa daida, idon harafin e da na l su toshe, bambancin kauri da siranta, wanda shi ne kyan abin, ya tafi. Gara a ƙara girma, ko a koma ga mai kaurin da mai salon ya zana da hannunsa, kamar yadda Snell Roundhand da Bickham Script suke da su. In an rasa duka, a ƙara ɗan layin gefe mai launi ɗaya da harafin, 0.1 zuwa 0.15 pt, kada a wuce haka.

Girma da tazara

Mutane kan yi mamakin yadda 12 pt na wannan salo ke fitowa ƙanƙane kusa da 12 pt na Arial. Dalilin yana cikin rabon jiki. Masu koyar da rubutun tagulla suna raba tsayi uku: wuya, gangar jiki, jela, a kan 3:2:3 ko 2:1:2. Ke nan gangar jikin harafi irin a ko o kashi ɗaya ne cikin huɗu ko cikin biyar na dukan tsayin, alhali a Arial ta kai kusan rabin girman da aka zaɓa. Don haka lambar da ke cikin akwatin girma ba ta gaya maka komai. Layin jimla ya fara daga 20 zuwa 24 pt, suna ko take daga 30 zuwa 48 pt, sannan a duba da ido.

Tazarar layi da layi ita ma ba a barin ta a hannun manhaja. Ɗauki kalmar gayyata: g da y da y, madaukai uku a jere suna lilo a ƙasa. In layin da ke biye ya fara da babban harafi mai jela, ko yana da h da k da l a daidai wurin, sai su sarƙe, siraran layuka su haɗu su zama dunƙulen baƙi. Ana buɗe tazarar har madaukan su rabu da aƙalla faɗin o ɗaya, ko a sauya inda layi ya karye. Wani salon kuma akasin haka yake yi, yana zuwa da tazara mai faɗin gaske saboda an yi wa jela mafi tsawo tanadi, sai an matse ta da hannu.

Tazarar harafi da harafi kuwa, a bar ta a sifili. An zana kowane harafi ne yadda wutsiyarsa za ta shiga cikin na gaba ta ɗan hau kansa. Ka buɗe su, mahaɗi ya tsinke. Ka matse su, ya leƙo ta ɗaya gefen kamar ƙaya. A InDesign da Illustrator, a akwatin daidaita tazara a zaɓi Metrics ko Auto, wato awon da mai salon ya saka. Optical yana aiki a sauran haruffa, amma a nan ƙoƙari yake ya raba abin da aka yi don ya haɗu. Saboda wannan dalilin ba a jan rubutun ya cika layi daga gefe zuwa gefe, ba a miƙe shi ko a matse shi ta kusurwar akwati, ba a kuma ɗora shi a kan da'ira mai tsananin lanƙwasa, tunda kowane harafi zai juya nasa wuri mahaɗai su goce.

Sai babban laifin: rubuta kalma duka da manyan haruffa. Manyan haruffan wannan salo an yi su ne su buɗe kalma, ƙanana su biyo. Ka jera su biyar a kalma ɗaya, jela ta hau jela, mai sunan ma sai ya yi da gaske kafin ya gane sunansa.

Haruffan da ke ɓoye a ciki

Marubucin hannu ba ya rubuta harafi iri ɗaya a ko'ina. Haruffan b da o da w suna ƙarewa ne a sama, yawancin sauran a ƙasa, don haka harafin da ya biyo bayansu dole ya sauya mashigarsa. Gwada rubuta kowa, bawa, rawa, boko, ka zuƙo ka duba mahaɗan. A salo mai arha za ka ga ɗan tsalle ko karaya bayan w da b. Salo mai kyau na tsarin OpenType yana ɗauke da siffofi da yawa na harafi ɗaya, yana zaɓar wanda ya dace da maƙwabcinsa, yana da na farkon kalma da na ƙarshenta. Wasu suna da siffofi sama da dubu. A kwamfutar Mac, in ka rubuta sunan Zapfino da salon Zapfino, kalmar gaba ɗaya takan rikiɗe ta zama zane guda.

Sai dai ba kowace manhaja ke kunna wannan da kanta ba. A Word, tun daga na 2010, danna Ctrl+D, ka shiga Advanced, ka sa alama a Use Contextual Alternates, ka sauya Ligatures daga None zuwa Standard and Contextual. A nan ne kuma Stylistic sets yake, inda ake zaɓar rukunin siffofi da lamba. Mai Windows zai iya gwadawa da Gabriola, wanda John Hudson ya zana wa Microsoft: riƙa sauya lambar kana kallon yadda jela ke ƙaruwa. A Illustrator da InDesign akwai allon OpenType da allon Glyphs, inda ake zaɓar siffa ɗaya da hannu. CorelDRAW ya samu wannan tun daga X6.

Samun jela da yawa ba dalilin zuba su duka ba ne. Ɗaya a farkon layi, ɗaya a ƙarshensa, ya isa. Jela tana son fili, don haka wurinta bakin layi ne ko inda babu komai a sama ko ƙasa. Ta tsakiyar kalma takan ratsa haruffan da ke kusa, kuma layi mai kauri ba ya ratsa mai kauri. Siriri ne ke ratsa mai kauri ko ɗan'uwansa siriri.

Ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ

Nan ne mai rubuta Hausa ke cin karo da abin da wasu ba su san da shi ba. Da yawa daga cikin waɗannan salo an zana su ne don harsunan Turai, babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a cikinsu, balle Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ. Wani ma yana da wasu ya rasa wasu, saboda a tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ba gida ɗaya suke ba: ƙ tana U+0199, amma ɓ da ɗ suna can U+0253 da U+0257 cikin haruffan nazarin furuci. Idan harafi ya ɓace, manhaja ba ta faɗa maka, aro take yi daga wani salo. Sai ka ga ƙ tsaye ƙiƙam, mai kauri, a tsakiyar kalma mai karkata, ko kuma akwati fanko bayan an fitar da fayil. Saboda haka gwajin farko kafin a sayi salo ko a sauke shi shi ne a liƙa haruffan takwas a akwatin gwaji na shafin, tare da kalmomi irin su ƙauna, ɗaukaka, ɓoye, haƙƙi.

Cire ƙugiyar ba mafita ba ce. Katin da aka so a rubuta manyan baƙi a kansa ya fito da manyan baki, ai an yi abin dariya da kuɗin mutane.

In aikin ɗan gajere ne, suna ko take, ana iya gyarawa bayan an mayar da rubutun zane. Kada a zana ƙugiyar daga babu, a aro ta daga jikin salon kansa, kan c ko kan f ko ɗigon ƙarshen r, don kaurinta da karkatarta su dace. Ɗ ƙarama ta fi sauƙi, tunda sandar d a miƙe take, sai a lanƙwaso kanta zuwa dama. Ɓ da ƙ ƙanana su ne masu wuya, domin a rubutun tagulla b da k da madauki a sama suke zuwa, ƙugiya a kan madauki kuwa ba ta ganuwa. Abin da ke aiki shi ne a cire madaukin, a sa miƙaƙƙiyar sanda irin ta d, a lanƙwasa kanta dama ta ƙare da ɗigo, a bar bakin a buɗe sosai yadda ba za a ɗauke ta b ko k ba. Gyara fayil ɗin salon kansa kuwa magana ce ta lasisi. Waɗanda ke ƙarƙashin SIL Open Font License, irin su Great Vibes da Pinyon Script da Tangerine da ke Google Fonts, an yarda a gyara su, sai dai in an keɓe sunan dole a sauya wa gyararren suna. Na sayarwa yawanci sun hana.

Yanka, sassaƙa da ɗinki

Da yake haruffan hawa juna suke yi, injin yankan leda ko na leza yana ganin kowane harafi daban, sai ya yanka ta cikin mahaɗin, kalma ta fito gunduwa-gunduwa. Kafin a aika, a narkar da su su zama jiki ɗaya: Weld a CorelDRAW, Unite a Pathfinder na Illustrator, Union a Inkscape. Haka ake yi kafin a sa layin gefe ko a rage duhun launi, in ba haka ba wuraren da suka hau juna za su fito da duhu biyu. Ɗigon i da j da manyan haruffan da ba su haɗe ba suna nan a ware, a lura da su wajen ɓare leda. Layin da bai kai milimita ɗaya ba yakan tsinke wajen ɓarewa. A ɗinkin inji ma wajen milimita ɗaya ne ƙarshen sirantar da zare ke rufewa da kyau, don haka mai faffaɗan baki ko mai kauri ɗaya ya fi dacewa da yadi.

A fuskar waya da kwamfuta

Silili da bai kai fiksel ɗaya ba toka-toka yake zama, don haka a shafin intanet take kawai ake yi da shi, daga 32 fiksel zuwa sama, da launi mai duhu a bango mai haske. Manhajojin buɗe shafi suna kunna sauyin haruffa da kansu, amma jela sai mai gina shafin ya kira ta da umarnin font-feature-settings, ya sa swsh ko ss01. Da zarar an taɓa letter-spacing, wato umarnin tazarar haruffa, haɗaɗɗun haruffan kan mutu. Waɗancan haruffa masu lanƙwasa da ake kwafowa a liƙa a sunan Facebook ko Instagram kuwa ba salo ba ne, alamomin lissafi ne na Unicode. Bincike ba ya gane su da kyau, manhajar da ke karanta wa makafi tana tuntuɓe a kansu, kuma babu ɓ ko ɗ ko ƙ a cikinsu.

Me za a rubuta da shi

Kaɗan. Suna, take, gajeriyar gaisuwa, sunan kaya a kwalba, layi ɗaya zuwa uku. Kwanan wata, lokaci, adireshi, lambar waya da adireshin imel a ba wa salo miƙaƙƙe, domin 1 da 7, ko l da e, suna rikicewa a rubutu mai karkata, kuma waɗannan su ne abubuwan da kuskure a cikinsu ke da tsada. Garamond ko Baskerville suna zama lafiya kusa da rubutun tagulla, musamman manyan haruffa masu tsayin ƙanana da aka ɗan buɗe tazararsu. Salon kwalliya biyu a shafi ɗaya kishiyoyi ne, karkatarsu ba za ta zo ɗaya ba.

Kafin a miƙa aiki, a buga shi a ainihin girmansa, a kan irin takardar da za a yi amfani da ita, tunda takarda marar sheƙi ta fi shan tawada. A riƙe shi a nisan hannu, a ba wanda bai san abin da aka rubuta ba ya karanta sunayen da ƙarfi. Sannan a ajiye fayil biyu: ɗaya da rubutun a raye don gyaran gaba, ɗaya PDF da aka mayar da haruffan zane aka narkar, shi za a kai maɗaba'a.